Awon ƙasa da zanen taswira: Sana'ar da ƴan kasuwa suka bar wa wasu

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya sayen kaya da ka. Mai sayen wake a Maigatari sai ya ga tiya ta cika ta yi tozo kafin ya zaro kuɗi, mai sayen shadda a Ƙonni sai an shimfiɗa an auna masa a gaban idonsa, haka mai ɗaukar albasa a Galmi ba ya barin a ɗora buhu a mota sai ya jinjina shi. Amma abin mamaki, wannan mutumin da ba ya yarda a rage masa ko rabin mudu, shi ne za ka ga ya tattara ribar shekara goma ya sayi fili ko gona, alhali iyakar abin da aka nuna masa shi ne hannun dillali da ke cewa daga wannan bishiya zuwa wancan suri.

Ga wanda ke bin zaman kotuna da fadojin sarakunan gargajiya a garuruwanmu na bakin iyaka, ya san cewa rigimar fili da gona na cikin ƙararrakin da ba su ƙarewa. Dalili kuwa a bayyane yake. Ƙidayar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ta nuna mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma a lokacin yawansu na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara, wato ke nan cikin ƙasa da shekara 20 yawan jama'a zai iya ninkawa, alhali ƙasa ba ta ƙaruwa ko da taki ɗaya. Wurin da jiya ake shuka hatsi a bayan garin Maraɗi ko Gaya, yau shaguna ne da gidaje da wuraren ajiye kaya. Bugu da ƙari, rufe iyaka da Najeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 a Nijar har zuwa Maris na 2024, sun koya wa ƴan kasuwa da dama cewa jari a kan hanya yana iya tsayawa dare ɗaya, don haka da yawa suka ƙara karkata ga sayen ƙasa.

To, wanda ke tsaye tsakanin mai fili da asara shi ne mai awon ƙasa. Wannan sana'a ce mai daraja da rufin asiri, amma ba kasafai ake jin ɗan kasuwa ya ce zai saka ɗansa ko ƴarsa a cikinta ba.

Mene ne aikin mai awon ƙasa?

A Najeriya ana ce masa mai safiyo, a Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma jiyometir. Aikinsa ya ta'allaƙa ne a kan auna abu uku: nisan da ke tsakanin wuri da wuri, kusurwar da ke tsakanin layi da layi, da kuma tsayin wuri, wato yadda wani gefen ƙasa ya ɗara wani tudu ko gangare. Daga waɗannan ne yake fitar wa kowace kusurwar fili lambobinta na musamman, waɗanda ke nuna matsayinta a doron ƙasa, sannan ya kafa turken siminti a wurin, ya kuma zana siffar filin a takarda.

Amfanin waɗannan lambobi shi ne ba su mutuwa. Iyayenmu sun saba raba gona da gona da gamba, ko shingen aguwa, ko wata tsohuwar kuka, kuma dattawan gari su ne shaida. Sai dai gamba tana ƙonewa, garma tana cin iyaka kaɗan-kaɗan duk damina, itace ana sare shi, dattijon da ya san tarihin wurin kuma wata rana Allah zai karɓi abinsa. Lambobin da ke cikin takardar mai awo kuwa suna nan, ta yadda ko wani ya tumɓuke turken cikin dare, wani mai awon daban zai iya zuwa bayan shekara 30 ya mayar da shi daidai raminsa.

Kayan aikin sun soma ne daga tef da igiya da kamfas mai nuna arewa. Sai na'urar nan da ake gani bisa ƙafafu uku a bakin hanya, mutum ya sunkuya yana leƙe ta cikinta. Ta dā, wadda ake kira tiyodolit, kusurwa take aunawa. Ta zamani tana aika haske zuwa ga wani ɗan madubi da abokin aiki ke riƙe da shi bisa sanda, hasken ya dawo, ta lissafa nisan ta ajiye a ƙwaƙwalwarta. Akwai kuma GPS ta ƙwararru, wadda ake kafa guda a wurin da aka riga aka san lambobinsa, a riƙa yawo da ta biyu, kuskurensu bai wuce ƴan santimitoci ba. A shekarun nan an ƙara da ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoton gari daga sama.

Shi kuwa mai zanen taswira, aikinsa shi ne ya tattara awon da aka yi a wurare da dama, ya haɗa da hotunan jirgi da na tauraron ɗan Adam, ya ƙanƙantar da su bisa ma'auni guda. In ka ga an rubuta 1/200,000 a gindin taswira, ma'anarsa santimita 1 a takarda daidai yake da kilomita 2 a ƙasa, don haka tafiyar kilomita 50 za ta ci santimita 25. Zanen fili ɗaya kuwa akan yi shi da ma'auni irin 1/500, inda santimita 1 ke zama mita 5.

Yadda masu awo suka yanka mana iyaka

Zanen taswira ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar da ke nuna kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye, kuma an buga ta a Landan a 1826. Amma taswirar da ta fi shafar rayuwar mai karatu ita ce wadda Turawan mulkin mallaka suka zana bayan wannan.

A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, alhali mafi yawan wuraren da layin ya ratsa ba su taɓa taka su ba. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, duk abin da ya faɗa ciki ya zama na Ingila. Da a ce wannan layin ne ya tabbata, da yau Birnin Ƙonni na cikin Najeriya. Abin da ya sauya lamarin shi ne ruwa: Faransawa sun tarar cewa hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi da ayari zai bi. Saboda haka aka gyara yarjejeniyar a 1904 da kuma 1906, aka turo layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar masu awo, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi iyakar tun daga Kwara har tafkin Chadi tana kafa alamomi 148, aka kuma sa hannu a kan aikin nasu a 1910.

Wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500 shi ne ya raba Illela da Ƙonni, ya raba Jibiya da Ɗan Isa, ya sa Kamba a wani gefe Gaya a wani. Shi ne ya haifar da duwan da kwastan, da canjin naira da sefa, da bambancin farashin da kasuwannin iyaka ke rayuwa a kansa. Kowane ɗan kasuwar bakin iyaka, ya sani ko bai sani ba, yana cin abinci ne a gefen aikin da masu awo suka yi shekara ɗari da wani abu da suka wuce.

Har bayan samun mulkin kai, takardar mai awo ce ke raba gardama tsakanin ƙasashe. A ranar 12 ga Yuli, 2005, kotun duniya da ke ƙasar Holan ta yanke hukunci tsakanin Nijar da Benin, inda ta ce iyakarsu a kogin Kwara tana bin wuri mafi zurfi na babbar hanyar jiragen ruwa, da haka tsibirin Lete ya zama na Nijar. A hukuncin watan Afrilu na 2013 tsakanin Nijar da Burkina Faso, kotun ta dogara da takardun mulkin mallaka na 1927, inda suka gaza kuma ta koma ga taswirar 1960 mai ma'aunin 1/200,000 da cibiyar taswira ta Faransa ta buga. Haka bayan hukuncin 2002 tsakanin Najeriya da Kamaru, masu awo ne suka shiga daji da duwatsu suna kafa turaku ɗaya bayan ɗaya. In har ƙasashe masu sojoji da lauyoyi ba su da abin kafa hujja sai awo, ina ga mai shago ɗaya da fili biyu?

Awo biyu, doka biyu

Wanda ke harka a gefe biyu na iyaka yana fuskantar wata matsala da mutumin cikin ƙasa bai san ta ba. A Najeriya har yanzu dillalai da ƙafa suke magana: fili hamsin da ɗari, ko ɗari da ɗari. A Nijar kuwa mita ake yi, a ce fili mai murabba'in mita 400 ko 500 ko 600. Ƙafa 50 mita 15 ce da ɗan kai, ƙafa 100 kuma mita 30 da rabi, saboda haka filin hamsin da ɗari bai cika murabba'in mita 465 ba. In ka kwatanta shi da filin mita 20 da 25, wanda ke da 500 cif, bambancin ya kai girman shago mai mita 5 da 7. Wanda kuma aka ce masa hamsin da ɗari ya ɗauka mita ake nufi, ya yi tsammanin abin da ya ninka na gaskiya fiye da sau 10. Haka abin yake a gona: hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047, wato hekta 1 ta kusa eka biyu da rabi.

Dokokin ma sun bambanta. A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da amfani, takardar da aka fi sani da C of O, yawanci na shekara 99, kuma sayar da irin wannan fili yana buƙatar amincewar gwamna. Ba a ba da wannan takarda sai da zanen fili daga hannun mai safiyon da hukuma ta yi wa rajista. Filayen da aka yanka ba tare da tsarin hukuma ba su ne Kanawa ke kira awon igiya, kuma su ne suka fi jawo kuka ranar da aka zo fitar da hanya ko magudanar ruwa.

A Nijar, dokar ranar 2 ga Maris, 1993, wadda ta kafa ginshiƙan kundin tsarin karkara, ta amince cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar takarda. Dokar ta zo ne ba da jimawa ba bayan abin takaicin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane sama da 100. Ita ce ta samar da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, tun daga matakin ƙauye har zuwa gunduma, waɗanda ke ba da takardun shaidar saye da kyauta da aro da haya da jingina, suna kuma shata burtali da makiyaya da mashaya. A cikin gari kuwa, bayan an yi lotisma, mai fili kan karɓi takardar sayarwa daga ma'aikatar magajin gari, amma takarda mafi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ba a samunta sai an auna filin an kafa masa turaku an shigar da shi kundin kadastar. A 2006 ma gwamnati ta fito da wata hanya mai sauƙi ta samun wannan takarda, aka laƙaba mata sunan Hausa, Sheda.

Duk inda ka juya a cikin waɗannan tsare-tsare biyu, sai ka tarar da mai awo a tsakiya. Yaron da ya tashi a bakin iyaka, yana jin Hausa da Faransanci, yana tsintar Ingilishi a kasuwa, kuma ya saba juya naira zuwa sefa da ka, ya riga ya samu rabin abin da sana'ar ke nema.

Abin da za ka iya koya tun daga gida

Ba sai mutum ya shiga babbar makaranta ba kafin ya ɗanɗana wannan ilimi. Mai sha'awa, yaro ne ko babba, zai iya somawa da tef mai mita 30 ko 50, da igiya, da turakun ice, da littafi da fensir.

Darasi na farko shi ne sanin takinka. Ka auna mita 100 a miƙaƙƙen wuri, ka taka shi sau uku da tafiyarka ta kullum kana ƙirgawa, ka ɗauki matsakaici. A ce ka samu taki 135. Daga ranar, duk filin da aka kai ka, kafin a gama gaisawa ka riga ka san ko maganar dillali ta yi kusa da gaskiya.

Na biyu shi ne fitar da kusurwa madaidaiciya, dabarar da magina suka daɗe da sani. Daga turke ka auna mita 3 ta gefe ɗaya, mita 4 ta ɗaya gefen. In tsakanin ƙarshen biyun ya ba ka mita 5 daidai, kusurwar ta miƙe. In ya gaza ko ya wuce, filin a karkace yake.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga mai sayen gona da mai rabon gado, shi ne lissafin faɗin wurin da ba murabba'i ba. Abin da aka saba yi shi ne a haɗa tsawon gefe biyu a raba biyu, a haɗa faɗin gefe biyu a raba biyu, sannan a ninka. Wannan lissafi yana yin daidai ne kawai in kusurwoyi huɗun duk madaidaita ne. In ba haka ba, kullum ƙari yake yi, kuma mai saye ne ke biyan ƙarin. Ga misali: gona mai tsawon mita 100, gefenta mita 80, amma ta karkace sosai ta yadda in ka auna a miƙe daga wannan dogon gefe zuwa wancan, mita 69 da ɗan kai za ka samu. Lissafin gargajiya zai ce murabba'in mita 8,000 ce, alhali gaskiyarta kimanin 6,930. An sayar maka da iska ta fiye da murabba'in mita 1,000, wato filin gida biyu. Maganin abin shi ne a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, gonar ta rabu gida biyu masu kusurwa uku-uku, a auna gindin kowanne da tsayinsa a miƙe, a ninka a raba biyu, sannan a haɗa.

Wayar salula ta zamani ma makaranta ce. Tun watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS da gangan ga farar hula, ƙaramar na'ura ke iya nuna wuri da kuskuren ƴan mitoci. Da waya za ka iya zagaya gona ka samu ƙiyasin hektocinta, ka kuma duba hoton unguwarku daga sama a Google Earth. Akwai OpenStreetMap, taswirar duniya da aka soma a 2004 wadda kowa ke iya ƙara mata bayani kyauta, kuma matashin da ya zauna ya saka layukan kasuwarsu da tasha da asibiti da rijiyoyi ya yi wa garinsu aiki, ya kuma koyi sana'a. Manhajar QGIS, wadda ƙwararru da yawa ke zana taswira da ita, ita ma kyauta ce ga mai kwamfuta.

Sai dai a kiyaye: kuskuren waya yakan kai mita 3 zuwa 5. A gona mai hekta 5 wannan ba wani abu ba ne, amma a filin da faɗinsa mita 20 ne, ya kai rubu'insa. Don haka awon waya na ƙiyasi ne da koyo, ba a kafa turke da shi, kotu kuma ba ta karɓarsa a madadin zanen ƙwararre.

Ina ake karatun?

Tushen abin lissafi ne, musamman ilimin kusurwoyi, sai kimiyyar fiziks da labarin ƙasa da iya zane. Uban da ke son ɗansa ya bi wannan hanya, tun daga koleji ya kamata ya sa ido a kan makinsa na lissafi, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Nijar, ana koyar da awon ƙasa a cikin karatun gine-gine da hanyoyi, kamar a makarantar EMIG da ke Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, haka kuma a cikin karatun raya karkara a cibiyar IPDR ta Kollo. Sashen labarin ƙasa na jami'ar Abdu Mumuni yana koyar da zanen taswira, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 kuma ta shahara wajen amfani da hotunan tauraron ɗan Adam don bin diddigin damina da amfanin gona. Hukumar da ke da alhakin taswirar ƙasa ita ce IGNN.

A Najeriya akwai makarantar safiyo ta tarayya da ke garin Oyo, wadda asalinta ke komawa 1908, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'ar fasaha ta Minna. A kwaleji akan yi shekara 2 a samu ƙaramar difloma, a yi shekara 1 ta koyon aiki, a koma shekara 2 don babbar difloma, digiri a jami'a kuma shekara 5 ne. Bayan haka sai mutum ya yi aiki ƙarƙashin ƙwararre, ya ci jarrabawar hukumar SURCON da aka kafa a 1989, kafin sa hannunsa ya zama hujja.

Akwai kuma wata cibiya da ta dace da ƴaƴan bakin iyaka ƙwarai, wato wadda aka kafa a Ile-Ife a 1972 da sunan RECTAS, yanzu ake kiranta AFRIGIST. Ta ƙasashen Afirka ce da dama, ana koyarwa a cikinta da Ingilishi da Faransanci, kuma ɗalibai daga Nijar da Benin da Kamaru da Mali sun daɗe suna karatu a can.

Wanda bai samu damar dogon karatu ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Kowace tawagar awo tana buƙatar mai riƙe sanda, mai jan tef, mai haƙa ramin turke, mai rubuta lambobi. Da yawa daga nan suka soma har hannunsu ya faɗa kan na'ura. Ɗan kasuwa mai hali kuma zai iya shiga ta ƙofar da ya fi sani: kayan awo suna da tsada, matasa da yawa da suka gama karatu ba su da jarin sayensu, don haka sayen na'ura a ba da haya, ko haɗa jari da ƙwararre a buɗe ofis, kasuwanci ne kamar kowane.

Aiki yana nan, wahala ma tana nan

Babu hanya ko gada ko madatsar ruwa da ake somawa ba tare da mai awo ya riga kowa zuwa ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, mai tsawon kilomita 280 da ɗoriya ta Daura da Katsina da Jibiya, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin wanda ya soma aiki a 2024, da madatsar Kandaji, duk sai da aka auna kowane taki, aka kuma auna gonakin da aikin ya ci don biyan diyya. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi da Damagaram, ta ƙara nuna abin da ke faruwa in aka yanka filaye a kan hanyar ruwa ba tare da an auna tudu da gangare ba. Ga kuma ma'aikatun magajin gari, da hukumomin Kofo, da kamfanonin haƙar ma'adinai da na sadarwa, da hukumomin filaye na zamani irin KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano. Aikin kwamfuta na zanen taswira kuwa a ofis ake yinsa, ƴaƴa mata na iya yin fice a cikinsa kamar maza.

Amma kada a ɓoye wa yaro gaskiya. Aiki ne na rana da ƙura da ƙaya, wani lokaci a kwana a daji, ga matsalar tsaro da ta hana shiga wasu yankunan iyaka. Wajibi ne kuma a nemi izinin hukuma kafin a tashi jirgi marar matuƙi ko a kafa na'ura kusa da bariki, filin jirgi ko kan iyaka, domin mai sha'awar da ya yi gaban kansa yana iya kwana a hannun jandarma.

Jarrabawa mafi girma ita ce ta amana. Mai awo yakan tsaya tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, tsakanin attajiri da marayu, tsakanin ƴan'uwa maza da ƴar'uwarsu da ake son a tauye wa rabonta na gado. Za a kira shi gefe a ce ya matsar da turke mita biyu kawai, ba wanda zai sani. Malamai sun sha faɗakarwa cewa hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taki ɗaya na ƙasar wani, da wanda ya sauya alamar iyaka. A nan duniya ma, wanda aka kama da zanen ƙarya yana iya rasa lasisinsa, kuma a garin da kowa ya san kowa, sunan da ya ɓaci ba ya gyaruwa.

Ga mai niyyar sayen fili kuwa, ko da ba ya da ɗan da zai saka a sana'ar, rigakafi ya fi magani. Kada ka biya sai ka tambaya da wane awo ake magana, ƙafa ko mita. Ka je da tef ɗinka, ka nemi a kira maƙwabtan filin ta kowane gefe su tsaya a kan iyakarsu. Ka kai lambar filin ofishin da ke riƙe da kundi, kadastar ko ma'aikatar filaye ko Kofo, a duba maka ko sunan mai sayarwa ne a ciki, ko kuma wurin hanya ne, ko burtali, ko filin makaranta. Sannan ka ɗauko mai awon da hukuma ta sani, kai ne za ka biya shi ba mai sayarwa ba, ya kafa turaku a gaban shaidu, ka adana zanen tare da takardun gidanka, ka kuma nuna wa magadanka inda ka ajiye. Kuɗin da za ka ba mai awo bai kai kuɗin mota da lauya na shekara ɗaya a kotu ba.

Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da cin haƙƙin maƙwabci, amin.